Motar da Za Ta Kawo Maka Inna

Harra ta Gabas, Madina,
7 ga Shawwal 1405, Yunin 1985.

Zuwa ga Yayana Malam Abdussamad,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Nazima da yara, Awwalu da Hafsatu. Ya aka sha ruwa, ya aka yi salla? Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi, wanda bana ya wuce misali, duwatsun Harra da rana ko takalmi ba ya hana su cin ƙafa. Maigidana Shittu yana nan yana fama da motarsa, yau Ƙuba gobe Uhudu da masu ziyara. Innayatu ta gama aji shida, amma Hausa na nema ta gagare ta, in na yi mata magana sai ta amsa mini da Larabci kamar ba ni na haife ta ba. Kawu Sabo ya sami sauƙin ƙafar, har da kansa ya taka zuwa Harami sallar idi, daga nan suka shiga maƙabartar Baƙi'a shi da Shittu suka yi wa Baba addu'a.

Yaya, ka karanta takardar nan a zaune, kuma ka kai ƙarshenta kafin ka cusa ta cikin wani littafi ka manta, don na san halinka. Inna za ta zo tsibirinku na Morishas. Ba zuwan zama ba ne, ba ma na kwana ba, yini ɗaya ne tak, shi ma in ba mu yi da gaske ba zai wuce ba ku ga juna ba. Gidan Ammu Siraj, inda take rainon yara shekara ashirin da biyu ke nan, za su yi hutun bana a jirgin ruwa, irin manyan nan na yawon shaƙatawa da ke bi gari gari. Sitti Wafa, uwargidan, ta ce ba ta iya tafiya ba Dada, wato Inna kamar yadda suke kiran ta, don jikarsu jaririya ba ta yarda da hannun kowa sai nata. Jirgin zai bar Jidda ranar 14 ga Yuli, ya tsaya Mombasa da wasu wurare, ya iso Por Luwi, babban birninku, ranar Talata 30 ga Yuli da ƙarfe takwas na safe, ya tashi ƙarfe biyar na yamma. Ka riƙe wannan lissafin na bature, kada ka bi na wata, don ban sani ba ko ganin watanku ya zo ɗaya da namu.

Akwai abin da ban taɓa rubuta maka ba, saboda Inna ta hana. Idonta na hagu ya riga ya tafi tun bara. Na dama kuma likita ya ce ciwon nan ne da Larabawa ke kira moya zarga, ba yana ba ce da za a yi aiki a cire, sai dai ɗigon magani ya rage masa sauri. Da na matsa masa ya gaya mini gaskiya, sai ya ce shekara ɗaya, in an yi sa'a biyu. Kai kuma shekara bakwai ke nan takardu suna hana ka zuwa, kuma ba mu san ranar da za su sake ka ba. Ba ta taɓa ganin Nazima ba, ba ta taɓa ganin yaranka ba sai a hoton nan da ya koɗe. Tun da na ji labarin jirgin nan nake ganin kamar ita ce damar ƙarshe da za ta gan ka da idonta.

To ka ji abin da tsohuwar nan ta so ta ja mana. Ranar da aka kawo takardar tafiyar, Sitti Wafa tana karanta sunayen garuruwa, da ta zo kan Morishas sai ta tuna tana jin sunan a bakina, ta tambayi Inna wa ke gare mu a can. Inna ta sunkuyar da kai ta ce wani yaro ne na dangi. Ka ji fa, wani yaro na dangi! Sitti ta ɗauki maganar yadda aka faɗa mata, ta yanke cewa ranar Dada ta zauna cikin jirgi da jaririya ta huta, tunda ga ido ga tsufa, su kuma su sauka su zaga. Inna ta ce to. Ta dawo gida ranar Juma'a, muka yi buɗa baki tare, muka yi hira har dare, ba ta ce mini uffan ba. Sai bayan kwana huɗu Ƙaltume, 'yar Chadin nan mai dafa musu abinci, ta tare ni a bakin Harami take ba ni labari tana dariya, ita a ganinta abin raha ne. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna.

Washegari na sa abayata na nufi gidan Ammu Siraj a unguwar Ƙurban. Na gaya wa Sitti cewa yaron dangin nan ɗan Inna ne na cikinta, kuma na fari. Matar nan ta dafe ƙirji tana ta salati, ta ce ta yaya uwa za ta yi musun ɗanta, ko wani mugun abu ka yi mata. Na sha wuya kafin ta fahimta. Na ce mata a wurinmu ɗan fari kunyarsa ake ji, uwa ba ta kama sunansa, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta damu da shi, ko da zuciyarta na ƙuna. Ta ce su kuwa da sunan ɗan fari ake kiran mace don girmamawa, da ta sani ai da tuni Ummu Abdussamad take ce mata. Na ce ta rufa mana asiri kada ta fara, don ranar da ta kira ta haka ranar Inna za ta bar gidan. Ta yi dariya, sai kuma na ga tana share hawaye. Duk wannan abin Inna na ɗaki na kusa tana jijjiga jaririya, na tabbata ta ji komai, amma ko leƙowa ba ta yi ba. Ina roƙonka kada maganar yaron dangi ta ɓata maka rai. Ka san ta, ka san cewa duk takardar da ka aiko sai ta sa na karanta sau biyu, wai ba ta ji abin da aka ce game da yara ba.

Sitti ta shawo kan maigidan, amma da sharaɗi, kuma a nan ne aikinka yake. Ammu Siraj ya ce Inna ba za ta sauka ita kaɗai ba, don fasfonta na hannunsa kuma shi zai amsa in wani abu ya faru. Shi kuma ba zai shiga bas ɗin kamfanin jirgi ba, ba zai cakuɗa iyalinsa da Turawa masu gajeren wando ba. Mota yake so tasu ta kansu, da direba Musulmi, na yini guda, wanda zai ɗauke su a bakin jirgi ya nuna musu gari ya dawo da su kafin ƙarfe huɗu. In ka samo wannan direban, kowa zai sauka har da Inna, kuma ya yarda a biya ta gidanka a ci abincin rana a yi azahar. In bai ji daga gare ka ba kafin su bar Madina ranar 12 ga Yuli, zai sa ofishin jirgi su nema masa ƙaramar mota, shi da Sitti da 'yan matansa biyu, Inna ta zauna da jaririya kamar yadda aka tsara da farko. Ka san shi, mutumin kirki ne, amma in ya ce halas to an gama. Su shida ne da jaririyar, da kai bakwai, ga direba, saboda haka ƙaramar bas za ka nema.

Shittu ya zaunar da ni ya ce in rubuta maka wannan da bakinsa, don shi ya san halin 'yan sana'arsa. Ya ce kada ka kuskura ka bari sai ranar ka ɗauki irin waɗanda ke tsayawa a ƙofar tasha suna kiran fasinja. Ka nemi wanda ka san gidansa, wanda kuke haɗuwa a masallaci, wanda zai ji nauyinka. Ya ce ka duba tayoyin da idonka har da ta ajiya, ka sa a tayar da motar a gabanka tun da safe kafin ta yi zafi. Abin da ya fi jaddadawa shi ne kantuna. Kowane direban baƙi yana da kantin abokinsa inda ake ba shi ɗan wani abu in ya kawo masu saye, a nan dabino ne da tasbaha, a can ban san ko mene ne ba. Ya ce mata uku in suka shiga kanti awa ɗaya ta tafi, kuma daga lokacin Inna za a cire ta. Ka gaya wa direban tun wuri cewa ba tsayawa ko'ina sai inda ka ce. Sannan ku bi hanyar gaba ɗaya kai da shi kafin ranar, agogo a hannunka, daga tasha zuwa ƙauyenku zuwa tasha.

Ka taɓa rubuto mana cewa daga Por Luwi zuwa ƙauyenku na kudu tafiyar kusan awa biyu ce cikin gonakin rake, hanya siririya, in aka yi ruwa kuma sai a hankali. Wannan ne ke hana ni sukuni. Ammu Siraj zai so a fara da kallo, yana ta maganar lambun manyan itatuwa da gonar shayi da wani ruwa mai zubowa daga dutse da ya gani a takardar jirgi. In aka fara da waɗannan, sai a duba agogo a ce lokaci ya ƙure, a juya. Shittu ya ce a fara da wuri mafi nisa, a riƙa dawowa ana kusantar jirgi, haka ma direbobin kirki ke yi. Ban ce ka yi wa dattijon ƙarya ba, amma ka nemi abin kallo ɗaya mai kyau kusa da ku a fara da shi, daga nan sai gidanka, sauran a gani a hanyar dawowa. Kuma don Allah, Yaya, ka zo tasha tun ƙarfe bakwai. Ban manta ba, ranar walimar saukarka sai da aka cinye shinkafa kafin ka iso.

In kun haɗu, ka riƙe kanka. Kada ka rugo ka faɗi a gabanta kana kuka a idon Larabawa, wallahi juyawa za ta yi ta koma jirgi. Ka fara gaida Ammu Siraj da Larabcinka na jami'a, amma kada ka mai da gaisuwar huɗuba. Ita kuma ka durƙusa daga ɗan nesa ka gaishe ta a taƙaice, in ta amsa tana kallon wani wuri ka san ta amsa. Yaran za ka tura mata, da su za ta sake, duk abin da take son gaya maka su za ta gaya wa. Ka gaya wa Nazima ta rage yaji, ta zo ta gefen dama in za ta miƙa wa Inna abu, kuma a tanadi mayafi mai kauri tunda ka ce yanzu ne sanyinku. Da zarar ka gama da direban, ka buga barƙiyya, wato telegiram, zuwa kantin Ammu Siraj, adireshin na bayan takardar nan. Sunan direba da lambar mota kawai yake so. Na san takarda na yin sati biyu a hanya, wato kwana uku ko huɗu ne za su rage maka, shi ya sa na aika biyu iri ɗaya, ɗaya ta gidan waya ɗaya ta hannun wani ɗalibi mai tafiya Nairobi.

Shittu na gaishe ka ƙwarai, Kawu Sabo da Gwaggo Azumi suna gaisuwa, Innayatu ta ce a gaida Hafsatu da Awwalu, Ƙaltume ma ta ce a ce maka ta tuba da dariyar da ta yi. Ka gaida Nazima, ka ce mata mun gode da riƙon da take yi maka.

Inna ba ta ba da gaisuwa ba, ka san ba za ta bayar ba. Jiya da la'asar ta zo ta tarar ina rubutun nan, ta zauna tana gyara zogale kamar ba ta san abin da nake yi ba. Na tambaye ta ko akwai saƙo, ta ce babu. Can sai ta juya wajen Shittu ta tambaye shi yadda kujerun irin wannan mota suke, ya zana mata da yatsa a kan tabarma. Sannan ta ce in ana rubuta wa mutanen can takarda, a gaya wa wancan ɗin ya zauna a gaba kusa da direba, ita a ba ta kujerar da ke bayansa daidai, kuma kada ya riƙa waiwaye. Yaya, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Ka zauna ka miƙe wuyanka ka kalli hanya, ka bar ta ta kalle ka har ta ƙoshi.

Allah ya sada ku da alheri, ya sa ina da rabon jin labari mai daɗi.

Wassalam,
Ƙanwarka,
Lauratu.