Jiragen Rima da sunan Kawu

Goronyo, daren Talata, watan Safar

Yau da hantsi na karanta sanarwar Di'o, Baturen mulki, a kasuwa, kamar yadda aikin malamin hakimi ya tanada. Wai Jamus na iya ɓullowa ta ƙasar Faransi, don haka duk mai ƙaunar ƙasarsa ya kawo jirginsa na ruwa mashigin hakimi a ɗaure da sarƙa. Daga yanzu sai da takarda za a shiga kogin Rima kamun kifi. Sau uku na gwada karatun a gida kafin in fito.

Sai Kawu Ummaru ya miƙe, da komarsa ta kamun kifi a kafaɗa, ya ce: "Malam, ɗan ƙanwata, da rani ko akuya da ƙafa takan ƙetare Rima. Su Jamus ɗin mi ya sami ƙafafunsu?" Kasuwa ta kwashe da dariya. Ni ma na kusa.

Da la'asar umarni ya zo: kafin safiya in rubuta sunayen masu karya zuciyar jama'a a lokacin yaƙi. Irinsu ake fara turawa aikin tilas na haƙar kuza a kan tsaunuka masu nisa, kuma tarin Kawu ba zai jure sanyin can ba.

Dogarai biyu sun ji abin da Kawu ya faɗa a kasuwa. In na bar sunansa, nawa zai hau. Na yi ta auna abin, ban ga mafita ba. Wataƙila ni matsoraci ne tun asali.

Na ja layi a takardar, na sa lamba ta ɗaya. Allah, hannuna ya ƙi gaba.