Bindigar Ganin Wata Tana Bayan Buhunan Gerona

Gwaggo Kulu, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, ɗinki na iya, saboda haka ki yi haƙuri in zancen ya yi ta kewaye.

Ni matar aure ce a Bodinga, amma asalinmu wani ƙauye ne kusa da Dandin Mahe a ƙasar Shagari. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, maharbi ne a ƙuruciyarsa. Kafin in yi wayo gonaki sun cinye dajin, sai bindigar ta rage, irin ta maƙera ɗin nan da ake ce wa harba-ka-ruga. Ni dai tun tasowata aikinta ɗaya na sani. In aka ga watan azumi ko na salla, Baba zai fita bayan gari ya ɗaga bakinta sama ya sake ta. Ƙauyukan kewaye su ji, mata su rangaɗa guɗa, mu kuma mu toshe kunne muna tsalle. Ko da rediyo da waya suka zo, mutanenmu ba su sakankancewa wata ya tsaya sai sun ji ta Baba.

Bara ya yi harbinsa na ƙarshe. Kin san zaman ɗarɗar da ake yi yanzu, ko inda ba a taɓa kai hari ba ana jin labarin inda aka taɓa. Da ƙarar ta tashi, maimakon guɗa sai kururuwa. Mata suka suri 'ya'ya suka yi cikin fadama, wata tsohuwa ta faɗa rami ta gurɗe ƙafa, wasu ma a ƙauyen maƙwabta suka yi sahur. Baba ya dawo gida ya rataye ta. Da salla ta zo bai fita ba. Bayan damina Allah ya karɓi abinsa.

To, a kan wannan bindiga ƙannena biyu suka saka ni a tsakiya. Mode manomin albasa ne, shi ya zauna gida. An ɗauke masa injin ban ruwa, an kuma shiga rudun da yake ajiye albasa an yi masa ɓarna. Shi cewa yake bindiga kamar fartanya take, mai gona ake miƙa wa. Wai ba kowa zai harba ba, in ɓarayi suka ji ƙara sau ɗaya za su san akwai mutum a wurin.

Zayyanu kuwa malamin makaranta ne a garin Shagari. Gidan haya yake, ba gona ba garke, kuma ko kaza za a yanka sai ya kira maƙwabci. Amma in ya fara bayani sai ki saki baki. Ya ce kare kai haƙƙi ne da Allah ya ba kowane ɗan Adam, ba sai mutum ya tsaya ya nuna wa wani buƙatarsa ba. Ya ce akwai ƙasashen da suka rubuta haka a tsarin mulkinsu. Ya ce in aka ce sai mai buƙata, to wa zai auna buƙatar, kuma ranar da ta zo wa ke da lokacin zuwa neman izini? A ƙarshe ya ƙara da cewa shi ne babba a maza.

Ranar addu'ar arba'in muryoyi suka tashi har baƙi suka fara kallon juna. Innarmu ta tsorata, ta naɗe bindigar cikin tabarma ta ce in tafi da ita, tunda ni ce babba. Haka na saka ta a motar haya tare da ƙullin kuka da daddawa. Da muka iso shingen bincike, ban san na haddace addu'o'i da yawa haka ba. Allah ya rufa asiri, na ɓoye ta bayan buhunan gero. Mijina ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mutum mai gudun magana. Yana neman inda zai ɗana tarkon ɓera ya ci karo da ita. Bai yi faɗa ba, ya dai ce kafin azumi ta bar masa gida.

Abin da ya ba ni mamaki, Gwaggo, tambayar ce ta kama ni. Ina taka keke ina juya ta, har na ɗinke wa wata hannun riga a baibai. In buƙata ce, me ya sa Mode bai taɓa roƙon Baba ita ba sai da ya ga Zayyanu na so? In kuma haƙƙi ne na kowane ɗan Adam, ashe ni ma ina da shi? Na tambayi Zayyanu haka, ya kwashe da dariya, wai mace me za ta yi da bindiga. Ka ji mutumin da ya ce ba a tambayar buƙata! Shi kuma Mode na tambaye shi a waya, in ɓarawon bai gudu ba, ya tsaya, ka duba ka ga ɗan maƙwabcinka ne, sai me? Ya ce network ya ɗauke. Alhali ina jin numfashinsa.

Wani abu kuma. Na buɗe burgamin Baba, jakar fatar da yake ratayawa tare da ita. Albarushi ne da tsummokara, babu dalma ko ƙwaya ɗaya. Bakin bindigar ma an ɗaure shi da waya a inda ya tsage. Ban san ko wannan yana da amfani a wurinki ba, na dai ga ya kamata in faɗa.

Yanzu Mode da Zayyanu ba su gaisawa. Inna tana takaba tana kuka, azumi ya matso, kuma na san duk wanda na miƙa wa na rasa ɗayan. Ina son su duka, ina kuma jin tsoro. Wane ne mai gaskiya a cikinsu, kuma wa zan ba?

Ɗiyar Maharbi, Bodinga

Ɗiyar Maharbi, Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna haƙuri. Zancenki bai kewaya ba, kin ma fi ƙannenki iya tambaya.

Mu fara da abin da ba ya jira. Kada ki sake saka bindigar nan a mota, kada kuma kowa ya taɓa kunamarta, don ba ki san ko da ɗuri a ciki ba. Ki nisantar da albarushin daga murhu da yara. Mijinki bai ƙware ki ba. Da an kwance tabarmar nan a shinge, labarin ganin wata ba zai fitar da ke ba.

Zayyanu yana da gaskiya a rabin maganarsa. Ran mutum da iyalinsa da dukiyarsa abin karewa ne, addini ya yarda, hankali ya yarda. Tambayarsa ta wa zai auna buƙata ma ba ta wasa ba ce, mutane da yawa da suka ga an bar su su kaɗai suna yin ta. Inda ya zame shi ne ya haɗa haƙƙin kare kai da haƙƙin riƙe kowane irin makami. A ƙasarmu doka ba ta saka riƙe bindiga cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa ba. Izini ake nema, da sunan mutum ake bayarwa, kuma ba a gadonsa kamar rawani. Tsarin mulkin da ya karanta a waya ba shi za a buɗe masa a kotun Sakkwato ba. Ke da kanki kin kama shi: haƙƙin da ya ce na kowa ne, da ya zo kanki sai ya koma na maza.

Mode kuma buƙatarsa ta gaske ce, kada a raina ta. Wanda ya yi wata da watanni yana ban ruwa aka kwashe masa, ba lacca yake so ba. Sai dai buƙatarsa tsaron albasa ce, ba ƙarar bindiga ba. A garin da harbi ɗaya ya kwashe mata zuwa fadama, in ya sake ta a gona, ko ya tarwatsa gari ko masu sintiri su ɗauke shi wani ne daban. Ga shi bakinta a tsage. In ya ɗura mata dalma, hannunsa ne farkon abin da za ta ci. Ya riƙa kwance injin yana kai shi gida, su haɗa kai da maƙwabtan gona su yi gadi na karɓa-karɓa da sanin mai gari. In bayan haka yana ganin sai da bindiga, ya bi hanyar izini da sunansa. Zayyanu mai iya bayani ya raka shi, ya kuma kai koken manoman gaban hukuma. Nan bakinsa zai yi amfani.

Kada ki miƙa wa kowa. Tun farko ba ta ɗayansu ba ce, cikin gado take, ke da Inna kuna da rabo a ciki. Ke da mijinki ku sanar da mai garinku, shi ya san yadda zai yi magana da 'yan sanda su zo su ɗauka, ko su faɗa muku abin da doka ta yarda a yi da tsohon makami irin wannan. In sun yarda maƙeri ya kashe ta a rataye a ɗakin Inna don tunawa, madalla. In ba su yarda ba, ku sallama.

Kafin nan, ki tara su gaban Inna da limamin garinku, ki zazzage burgamin nan a kan tabarma su gani da idonsu. Kin ce ba ki san ko yana da amfani ba. Shi ne ya fi komai amfani a wasiƙarki. Mahaifinku ya iya harbi, gari ya yarda da shi, babu mai ja da shi a kan riƙe ta, amma ya yi shekaru bai ajiye abin da zai huda fata ba. Ranar da ya ga abin da yake yi don mutane su yi murna ya sa su gudu, bai tsaya musun haƙƙi ko buƙata ba, ya rataye ta. Ki tambaye su, wanne daga cikinsu ya fi shi sanin bindigar nan?

Abin da Baba ya bari wanda ke neman magaji shi ne sanar da gari cewa wata ya tsaya. Bana in an gani, Zayyanu ya zo gida, shi da Mode su bi ƙofa-ƙofa su faɗa da baki, su fara da gidan tsohuwar da ta gurɗe ƙafa.

Allah ya haɗa kanku, ya ba mu zaman lafiya, ya nuna mana azumi Inna tana shan ruwa da 'ya'yanta uku a gabanta.

Gwaggo Kulu