Zan Jinginar da Fadamar Babana Don Injin Jirgi

Salamu alaikum Malama. Ki taimake ni da gaskiya, don a gidana an taru an mai da ni yaro.

Ni tsoho ne daga bakin ruwa, kusa da Yelwa. Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Ina ɗan saurayi aka tare ruwa a Kainji, tsibirinmu ya nutse da kaburburan kakanninmu, aka ba babana wata fadama a madadi. Masu takarda ne suka yi mana wannan, shi ya sa har yau ban yarda da su ba. Sau ɗaya na shiga banki, wani ma'aikaci ya ga zan dangwala yatsa ya yi murmushi. Ban sake komawa ba, shekara ashirin ke nan.

Albasa nake nomawa a fadamar, kuma ina da jirgi da nake ɗaukar mutane ranar kasuwa. Injin ya mutu shekara biyu da suka wuce. Yanzu Dudu, wanda ni na koya wa riƙon jirgi, shi ke wucewa da sabon inji yana ɗago mini hannu daga nesa. Hannu fa, Malama!

Bara da mai da taki suka yi tsada, na karɓi kuɗi wurin wani dillali a kan zan biya shi da buhu goma na albasa idan an cire. Na san ya karya farashin, amma maganata ce, na bayar. Sai ɗiyata Delu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida tana bandar kifi, ta kwashe adashinta ta je ta biya shi tun kafin a cire, har da abin da ya ɗora. Ba ta gaya mini ba. A bakin masallaci na ji, daga bakin dillalin, yana dariya wai mace ta fanshe ni. Albasar ta zauna a rumbu har damina, na sayar ninki uku. Ban musa ba. Yarinyar akwai kai, irin na Innarta, kifi ɗaya ba ya ɓace mata a lissafi, kuma duk tsadar nan tukunyarmu ba ta huta ba saboda ita. Amma wa ya aike ta?

Yanzu dillalin ya ce zai ba ni kuɗin inji in na jinginar masa da fadamar, ya riƙa nomawa har ranar da na biya. Delu ta ce a'a. Wai mai zai cinye ribar, wai mutane sun rage shiga jirgi, wai in ajiye kuɗin albasar a asusun banki. Kuɗin da kullum ƙara lalacewa suke yi! Abin da ya sayi buhun gero bara, bana rabi yake saye.

Ita ce ke rubuta wannan, don ba ni da wani. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kuma zan kai wa liman ya karanta mini in ji ko ta sauya. Ranar Juma'a mai zuwa dillalin zai zo da shaidu. Ki gaya mata ta bar ni.

Tsoho daga bakin ruwa, Yauri

Amsa

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Kuɗin da aka ajiye a wannan zamani narkewa suke yi, kuma kai ka gane haka da buhun gero, ba sai an karanta maka ba. Ya kuma kamata Delu ta sanar da kai kafin ta je wurin dillali, don ba daɗi dattijo ya ji sirrin gidansa a bakin masallaci.

Amma Baba, kada ka jinginar da fadamar nan. Bashi mai kyau shi ne wanda abin da aka saya da shi zai biya shi. A nan za ka miƙa abin da ke kawo maka kuɗi tabbas, ka karɓi abin da sai ka zuba masa mai kafin ya motsa. In inji ya lalace, ko fasinja suka yi ƙaranci, da me za ka fanshi gonar, alhali albasarta tana hannun wani? Mutumin da ya yi dariya don an biya shi da wuri, ba biyan yake so ba. Ƙasar yake so.

Kafin Juma'a, ka aika a tambayi masu jirgi uku, ban da Dudu, nawa suke samu ranar kasuwa bayan an cire mai da gyara. In lissafin ya yi kyau, ka tara kuɗin inji daga albasa cikin kaka biyu, ko ka nemi na hannu, ko ku haɗa da wani ku raba riba a gaban shaidu. In bai yi ba, ka huta.

Kuɗin da ke hannunka kuwa, ka fara cire na mai da taki, don kada bana ma ka koma wurin dillali. Ka ware na asibiti da abincin wata uku. Wannan kaɗai za ka sa a asusu, kuma dangwala yatsa sa hannu ne cikakke, ba alfarma ake yi maka ba. Sauran ka mai da shi abin da ka sani, gero ko tumaki. Albasa kuma kada ka riƙe ta duka jiran tsada, tana ruɓewa. Ka riƙa sayarwa kashi-kashi.

Sannan ka mayar wa Delu kuɗin adashinta a gaban liman. Daga ranar nan, bashi ne ka ci wurin ɗiyarka ka biya, ba wanda zai sake cewa an fanshe ka.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Duk ƙorafin da ka yi a kanta yana nan, ba ta goge ko kalma ɗaya ba, har da roƙon da ka yi in ce ta bar ka. Wadda ta riƙe maka amanar magana haka, za ta riƙe ta dukiya. Kai ka yi tarbiyyarta, Baba, don haka jin shawararta ba faɗuwa ba ce. Ruwa ya ci tsibirin kakanninka ba da yardarka ba. Fadamar nan sai ka dangwala yatsa za ta tafi.

Allah ya sa albarka a albasar bana, ya bar maka Delu, ya bar mata kai.