Lamba ta Goma Sha Huɗu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya yaye maka ciwon bayan nan da ka ce yana damunka, ko da yake na san halinka, ba za ka daina ɗaga kwalayen shago da kanka ba ko da mutum goma ne tsaye suna kallonka. Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har ta koma tsohon aikinta na zagaya maƙwabta tana duba wanda bai share ƙofar gidansa ba. Baba yana nan da rediyonsa, wanda yanzu sai an buge shi sau biyu yake magana. Auta ta gama koyon ɗinki, ta ɗinka mini riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na kuwa sa ta na tafi aiki don kada ranta ya ɓaci.

A wasiƙarka ka tambaye ni wai shin mene ne ainihin aikina, tunda ba na koyarwa, ba na rabon kaya, ba na ba da magani. Na san inda ka samo tambayar. Inna ce, domin duk wanda ya tambaye ta sai ta ce masa aikina zama a taro da shan ruwan gora. To, bari in ba ka labarin abin da ya faru makon jiya, kai ka yanke hukunci da kanka.

Ka san mutanen da faɗa ya kora daga garuruwansu an sauke su wuri biyu a nan: wasu a tsohon sito da ke bayan tasha, wasu a tsohuwar masana'antar sabulu, can hayin gada. Ƙungiyoyi biyar ne ke taimaka wa karatun yaransu. Ni ba na wahalar da kaina da dogayen sunayensu, da abin da suke kawowa nake kiransu: masu tanti, masu jaka, masu abinci, masu ruwa da masu magani. Kowa da niyyarsa ta alheri, amma kafin a ɗauke ni aiki an taɓa yin watan da kowane yaro a sito ya samu jaka uku, alhali babu alli ko guda. Aikina shi ne in tara su duk ranar Talata a wani ɗaki da ke saman kantin magani, ƙarƙashin fankar da ta fi kowa surutu, in sa kowa ya faɗi abin da yake yi, don kada a taru a wuri ɗaya a bar wani fayau. Ni ce kuma mai kai takardu ofishin ilimi.

A ofishin nan akwai wani dattijo da muke kira Mai Hatimi. Ba mugu ba ne, amma in ka ce masa rana ta fito sai ya ce ka kawo a rubuce. Shi ya sanar da ni cewa ranar Juma'a da tsakar rana za a rufe rajistar jarrabawar gama firamare, kuma duk yaron da ba a kawo shaidar cewa yana aji shida a tsohuwar makarantarsa ba, sai dai ya jira baɗi. Yaya, shekara guda ga yaron da ke kwana a sito ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin waɗanda suka jira ba sa komawa aji. Muna da 'yan aji shida na wata makaranta guda da aka ƙone, kuma littafin kiran sunansu ya ƙone tare da ita. Da ƙyar na shawo kan Mai Hatimi ya yarda cewa idan malamin ajin ya sake rubuta sunayen bi da bi yadda suke a littafin, ya sa hannu, zai karɓa.

Malamin yana nan cikinsu. Malam Mai Keke ake ce masa, saboda kekensa kaɗai ya fito da shi, yanzu ma facin taya yake yi a bakin sito in an tashi daga karatu. Shekara uku yana riƙe da ajin, kullum da safe shi ke kiran sunayen. Ranar Litinin na ba shi takarda da biro, ya zauna a kan benci ya fara. Ya kai wajen suna tara sai jerin ya rikice masa. Ya soke, ya sake, ya soke. Daga ƙarshe ya ajiye biron ya ce mini in yi haƙuri, tun ranar da suka gudo kansa ya zama kamar kwando, fuskokin yana ganinsu amma jerin ya zube. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don na ga kunya ce ta fi damunsa, mutum mai furfura a gaban ɗalibansa.

Muna cikin wannan hali sai gardama ta kaure a layin karɓar littattafai. Wasu 'yan mata biyu ne 'yan ajin Malam, ɗaya tana cewa ita ce gaba, don ko a makaranta ita ake fara kira, ɗayar tana cewa ƙarya ne, akwai mutum biyu a tsakaninsu, ta kuma faɗi sunayensu. Na tashi zan yi musu tsawa, sai na tsaya. Ashe littafin bai ƙone duka ba. Kowane yaro ya san wanda ake kira kafin shi da wanda ake kira bayansa, tunda da jin sunan na gabanka kake gyara murya. Na ce duk su fito fili, kowa ya tsaya bayan wanda ake kira kafin shi. Cikin minti biyar, da 'yar turereniya da dariya, layi ya miƙe.

Abin da ban shirya masa ba shi ne gurabe. Ba wanda ya ce musu su yi haka, amma duk inda mai suna ba ya nan sai suka bar masa wurin tsayuwarsa, ba wanda ya matsa. Su talatin da ɗaya ne a ajin, ashirin da biyu ke tsaye. Malam ya bi layin yana rubutawa. Shida an san suna wurin dangi a wasu garuruwa, har sun shiga makaranta. Biyu Allah ya yi musu rasuwa a hanya, Allah ya jiƙansu. Saura gurbi ɗaya, na goma sha huɗu, wanda ba wanda ya san inda mai shi take. Suka ce Allura suke ce mata, don 'yar siririya ce, ta fi kowa ƙanƙanta a ajin, ta kuma fi kowa kaifi. Ita ce monita. Malam ya ce in akwai wadda bai kamata jarrabawar nan ta wuce ta ba, to ita ce. Na duba sunanta na gaskiya a duk takardun da ke hannuna, na sito da na masana'anta, babu.

Washegari Talata, ranar taronmu na shan ruwan gora. Bayan masu tanti sun gama kukan iska ta yaga musu tanti biyu, masu ruwa sun gama nasu na famfo, na ce ina da cigiya. Shugaban masu jaka ya duba kwamfutarsa ya ce ba su da wannan suna, wataƙila yarinyar ba ta ma iso garin nan ba, ya ƙara da cewa neman yaro ɗaya cikin dubu biyu ai allura ce cikin ruwa. Na ce masa ya ƙarasa karin maganar mana, mai rabo ka ɗauka. Na bar suna, na koma kwatance, yadda yaran suka ba ni. Sai wata nas ta masu magani, wadda tun da take zuwa taron ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu. Ta ce a masana'antar sabulu akwai wata 'yar mitsitsiya da ke zaune da kakarta, wadda ke karanta wa tsofaffi rubutun jikin kwalin magani, har ta taɓa gyara mata lissafin ƙwayoyi. Amma a takarda shekararta bakwai, aji biyu.

Ranar Laraba da safe na hau babur na ƙetare gada. Na same ta a bayan wani tsohon tanki tana wanke wa kakarta kaya. Abin da ya faru ashe mai sauƙi ne. Ranar da suka iso, mai rubuta sunaye ya tambayi kakar, ita kuwa ba ta ji sosai, ta ba shi sunan da take kiran jikarta da shi a gida. Shekaru kuma ya dubi tsawon yarinyar ya ƙiyasta. Aka kai ta aji biyu ana koya mata baƙi da wasali. Ta je kwana uku ta daina, aka rubuta a gaban sunanta cewa ba ta son karatu. Da na tambaye ta me ya hana ta magana, ta ce ta faɗa sau biyu, aka yi dariya aka ce ta bari ta girma. Raina ya ɓaci, Yaya, ba da mai rubutun ba, don mutum ɗari huɗu ya rubuta a yini ɗaya, sai dai da yadda wata biyar suka tafi a banza. Iyayenta suna raye, suna wani gari suna neman wurin zama. Da na ce mata Malam Mai Keke yana bayan tasha, sai ta saki wankin ta tsaya tana kallona, ta tambaya ko har yanzu kekensa ba shi da birki.

Da na kai wa Mai Hatimi wannan labari, sai ya ce a'a. Ya ce ga takarda ta ce shekara bakwai, aji biyu, shi ba zai buga hatimi a kan abin da takarda ta ƙaryata ba. Ka san bakina, amma na danne shi. Na roƙe shi ya zo sito ranar Alhamis ya gani da idonsa, in bai gamsu ba na haƙura. Ya yi gunaguni, ya ce ba aikinsa ba ne yawo, amma ya zo, da hatiminsa a aljihu.

Na sa yaran suka yi layinsu, na gargaɗe su kada wanda ya yi motsi ko ya kira ta. Nas ta shigo da ita ta ƙofar baya. Ta tsaya ta dubi layin, ta taka ba gaggawa, ta wuce gurbi biyu, ta shiga na goma sha huɗu ta tsaya. Gargaɗina bai yi aiki ba, don nan take layin ya watse, suka rufe ta da ihu, Malam ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Da ƙura ta lafa, Mai Hatimi ya riƙe takardar Malam ya ce ta faɗi wanda ke gabanta da wanda ke bayanta. Ta tambaya ko daga farko yake so, tunda ita ke kiran suna duk ranar da keken Malam ya yi faci. Ta jero talatin da ɗaya ba tuntuɓe, yana bi da biro. A tsakiya ya tsayar da ita ya ce ta yi kuskure, ta musanya na ashirin da na ashirin da ɗaya. Ta ce ba ita ba ce, su ne suka tsaya ba daidai ba ranar da Malam ya bi layin ya rubuta. Aka tambayi yaran biyu, suka sunkuyar da kai, ɗaya ya ce dama shi ya daɗe yana son ya riga. Mai Hatimi ya yi dariyar da ban taɓa sanin yana da ita ba, ya ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce, ya ɗora takardar a sirdin keken Malam ya buga hatimi. Juma'a da hantsi na kai sunaye ashirin da uku.

Yanzu masu tanti sun dawo da ita da kakarta sito, masu jaka sun ba ta littattafan aji shida, an kuma sayo sabon littafin kiran suna. Ita ke kira kowace safiya. Ranar da ta ji labarin biyun nan ta yi kuka sosai, amma ta ƙi a cire sunayensu. In ta zo kansu sai ta kira, ta ɗan dakata, ajin ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ta ci gaba. Saura mako uku jarrabawa, ka sa su a addu'a.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce mata har yanzu ina jiran hoton jaririn. Ka gaida mai sunan Baba da ƙannensa, da Kawu in kun haɗu, da Goggo, ka ce mata maganin idon ya iso. Baba yana gaishe ka, Auta ta ce ka aiko da awonka, ni dai na gargaɗe ka. Inna ma tana gaishe ka. Na ba ta wannan labari tana tsince shinkafa, ta ci gaba da tsintar abinta kamar ba ta ji ba. Amma jiya na ji ta ta katanga, maƙwabciyarmu tana tambayarta wai har yanzu ina wurin masu taron nan, Inna ta ce mata ta iya bakinta, 'yarta allura take tsamowa cikin ruwa.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai shan ruwan gora