Burtalin Kaikai

Kankia, 3 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata Barista Rahamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, mu nan sai godiya.

Kin san ni. Daga aji uku na sakandare na bar boko, na fara da tiya ɗaya ta gyaɗa. Yau ina da injin matsar mai biyu, ga gonaki a Kunduru da Kaikai, na sauke farali, ba wanda ya taɓa kama mini kaya. Ni na kai ki Zariya karatun lauya ana mini dariya. Da kika bar aikin gwamnati bayan shekara biyar, kika koma ɗan ofishin nan naku na mutum huɗu a Kaduna, wai ba ku komai sai ɗaukaka ƙara, ban ce uffan ba.

To, na ji ke kika karɓi ƙarar Bubayero makiyayi kan burtalin Kaikai. Ki aje ta. Ba sai na faɗi dalili ba.

Mahaifinki,
Alhaji Dawuda

Kaduna, 11 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi, a gaida su Inna.

Na riga na miƙa ta ga abokin aikina Barista Sagir, don bai dace in riƙe shari'ar da mahaifina ya yi shaida a ciki ba. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta kiran shaidu, abin da kotun ƙasa ta rubuta shi take dubawa. A shafi na 84 ka rantse ba a taɓa yin hanyar shanu a gefen gonarka ba. Da wannan aka kori ƙarar Bubayero, kuma Sagir bai ga inda zai kama ba.

Baba, a bakin burtalin nan Iyatu matar Bubayero take zaunar da ni ta dama mini fura in kuna shuka. Ban faɗa wa kowa ba.

Allah ya ƙara girma,
Rahamatu

Kankia, 2 ga Afrilu

Rahamatu,

Salamu alaikum. Na daɗe ban amsa ba.

Taku biyu nake ci kowace damina, shekara tara, har hanyar ta shige gona. Na ce a raina ai ƙasa ta mai noma ce.

Na gamu da Bubayero a kasuwar Kusada yana sayar da shanu shida, tunda ba su da hanyar zuwa mashaya. Shi ya fara miƙo mini hannu. Ya ce, "Alhaji, ina 'yarmu lauya? Allah ya yi mata albarka." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ba wata ƙofa ke nan?

Mahaifinki

Kaduna, 9 ga Afrilu

Baba,

Barka da war haka. Akwai, amma ƙarama ce. Sai ka yi rantsuwa a rubuce cewa shaidarka ba gaskiya ba ce, Sagir ya roƙi kotu ta karɓa. Tana iya ƙi. Ko ta karɓa ko ta ƙi, ana iya tuhumarka da rantsuwar ƙarya, kuma Kankia za ta ji. Ka nemi lauyanka ka yi shawara tukuna.

'Yarka,
Rahamatu

Kankia, 12 ga Afrilu

Rahamatu,

Salamu alaikum. Ban yi shawara da kowa ba da na ci burtalin, ba zan yi yanzu ba. Ina tafe ran Litinin. Ki ce wa Sagir kada ya sa "wani shaida". Ya rubuta sunana cikakke: Dawuda Ashiru Kankia.

Wassalam.