Faya-fayan Baba Mati

Daura,
4 ga Agusta.

Zuwa ga Yaya Harisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? A gaishe min da Anti Murjanatu da yara. Inna lafiyarta lau. Baba ma shanyewar ɓarin jikin da sauƙi, hannun hagu yana ɗaguwa sosai, sai dai na dama da harshen har yanzu sai addu'a. Takarda na rubuto don saƙon murya uku na tura maka ba ka buɗe ba.

Ruwan shekaranjiya ya zubo ta rufin shagon Baba, daidai kan durowar faya-fayansa. Ka san shekara ashirin da biyu ya yi yana ɗaukar bidiyon biki da suna daga Mai'adua har Baure, kuma bai taɓa miƙa wa mai biki faifai bai ajiye nasa ba. Na ƙirga ɗari uku da sha ɗaya, ban da finafinan Indiyan nan nasa. Sha bakwai sun riga sun tashi daga aiki, bayansu ya ɓare kamar ɓawon albasa.

Na tuna shawararka ta a ɗora komai a intanet. Ka yi haƙuri, ba zan bi ta ba. Ranar da sabis ya ɗauke fa? Ni juye su zan yi cikin babban diski mai tera biyu, in jona shi a bayan rauta, na'urar nan mai ba da wayifai a gida, talabijin ɗin ɗakin Baba ta riƙa jawowa ta wayifai, da data ko ba data. Da yatsa ɗaya zai zaɓi abin da yake so. Tun da ya kwanta sai ya jira wani ya saka masa faifai, kuma ina ganin yadda jiran nan yake cin sa.

Gobe zan fara, da na taso daga makaranta.

Ƙanwarka,
Khairunnisa.

Daura,
19 ga Satumba.

Yaya Harisu,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin Sadiq ya sauka. Diskin da ka aiko ya iso, Allah ya ƙara buɗi.

Na sha kunya, kuma gara ka ji daga bakina. Na juye faifai ɗari da arba'in a nau'in MKV saboda na karanta cewa ya fi. A kwamfutata komai daidai. Da na kunna wa Baba sai ga hoto babu murya, ashe tsohuwar talabijin ɗinsa ba ta gane irin sautin da ke ciki. Wannan mai sauƙi ne. Babban laifina shi ne don rowar wuri na matse fayilolin ƙwarai. Muna kallon wani ɗaurin aure a Dutsi, mutane suna motsi fuskokinsu na dagargajewa kamar an shafa musu kunu. Baba ya kalla na minti ɗaya, ya buga katifa da hannunsa mai lafiya, ya juya fuskarsa bango. Ranar ko tuwo bai ci ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Mutumin da yakan hau kan buhunan gero don ya samo fuskar ango da kyau, ni na zo na lalata masa aiki a gabansa.

Inna ta ce in bar shi haka, kada in kashe idona. Na ce mata a'a. Na goge duka ɗari da arba'in ɗin. A wannan karon sai da na gwada minti biyar-biyar a nau'i huɗu, na kai masa ya zaɓa da kansa. Ya ɗaga yatsa a kan MP4 wanda ban matse sosai ba, shi ne kuma talabijin da wayar Inna duk suke karɓa ba gardama. Kowane faifai zai ci wuri ninki uku, amma na lissafa, zai shiga.

Saura abu ɗaya. Diski ma yana mutuwa. Na samo na biyu, duk Juma'a zan riƙa kwafewa, kuma a Baure zai zauna wurin Gwaggo Zubaida. Rufi ɗaya ba zai sake riƙe aikin Baba duka ba.

Taka,
Khairunnisa.

Daura,
28 ga Nuwamba.

Yayana,

Sallama da gaisuwa gare ku baki ɗaya. Albishirinka: na gama ranar Talata. Ɗari biyu da casa'in da huɗu, duk suna buɗewa. Baba yana kallonsa a ɗaki, Inna tana nata a waya tana tsinke zogale, babu mai tsayar wa wani.

Labari ya bazu. Jiya wata dattijuwa mai suna Hadijatu ta zo a kan babur tun daga Dutsi. Mijinta ya rasu bara, ba ta da hotonsa ko ɗaya, amma ta ce Malam Mati ne ya ɗauki bidiyon sunan ɗansu na fari. Shekarar ma ba ta riƙe ba. Ina ta lalube, sai Baba ya karɓi rimot ya gangara cikin jerin fayilolin da kansa, bai tsaya ko'ina ba sai kan fayil ɗin. Ga mijin nan yana riƙe da rago yana dariya, har wushiryarsa ana gani. Matar ta dafa bango ta zauna a ƙasa.

Na ɗauko waya don in ɗauki Baba da baƙuwarsa. Ina tsaye ina fuskantar taga sai na ji murya, a karkace amma kowace kalma ta fita: "Ba wa haske baya."

Yaya, wata bakwai ke nan Baba bai haɗa kalma uku ba. Na juya kamar yadda ya ce, ya yi ta harara ta sai da na riƙe wayar da hannu biyu.

Asabar mai zuwa akwai suna a gidan Alhaji Zailani maƙwabcinmu. Ni zan ɗauka, Baba zai zauna a kujerarsa yana nuna min inda zan tsaya. Ya riga ya sa an wanke masa babbar riga. Ka nemi hutu ka zo.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Khairunnisa Mati.