Na'urar Birkin da Ba a Saya Ba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya gwiwar Inna? Ka shafa mini kan yara.

Ni ma lafiya lau, sai dai kwana huɗu ke nan ina ɗaki, na kasa zaune na kasa tsaye. Mun haɗa wa injin ɗaga kaya sabuwar inbata, mai sarrafa gudunsa. Na ce wa oganmu a sayo na'urar birki, wadda ke shanye wutar da injin ke mayarwa idan kaya na sauka. Ya buɗe takardar bayanin inbatar ya ce, "Duba, an rubuta ba dole ba ce." Ranar Litinin wutar ta yi wa inbatar yawa ta ɗauke, kaya suka zamo mini a ƙafa. Yatsu biyu ne kawai suka ji rauni, kada Inna ta ji.

Mako mai zuwa manaja zai tambaye ni yadda aka yi. Ogan nan kuwa shi ya samo mini aikin. Jiya ya kawo mini abinci, ya kasa haɗa ido da ni.

Kai ka koya mini riƙe filaya, Yaya. Me zan ce wa manaja? Don Allah ka kira ni da zarar ka karanta.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka